Sarewar Da Ke Ratsa Katanga

Wasunku sun dame ni da tambaya, wai me ya sa mace mai takaba take maganar sifika kamar mai maganar ɗan da ta haifa. To ku gyara zama. Yau zan faɗa muku, wanda ya ga dama ya yi mini dariya, ni dai na gama jin kunyarku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Surayya, 'yar Bukkuyum, aure ya kawo ni Gummi. Mijina Abdussamad ya rasu a farkon damina, babur ya ƙwace masa a hanyar dawowa daga Adabka, inda ya je haɗa wa wasu mutane sola. Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun ranar nake zaune a ɗakina, a gidan mahaifiyarsa da kowa ke kira Goggo. Ba kwalli, ba turare, ba lalle. Zane biyu nake juyawa, wani mai ruwan toka da wani da ya koɗe har na manta asalin launinsa, sai hijabin da ya zame mini kamar fata. Madubina na juya shi ya kalli bango. Yanzu ga kaka ta yi, ana ta shigo da dammunan gero tsakar gida, takabata saura kaɗan ta ƙare.

A ƙuryar falona akwai sifiku biyu, dogaye, tsayinsu ya kai ƙirjina, jikinsu katako mai sheƙi kamar an shafe shi da man shanu. A tsakiyarsu amfilifaya ce mai nauyin buhun siminti, da maɓalli guda babba na murɗa ƙara. A kanta wani ɗan baƙin akwati yake zaune, bai kai tafin hannu ba. Ya Samad ya saye su a Anka, wajen wani mai harkar zinari da ya shigo da su daga waje don burga, ya rasa yadda ake sa su magana. Ba gurbin kaset, ba na faifai, ba ta kama tashar rediyo. Duk abin da za ta faɗa, daga kwamfutarsa yake zuwa, kwamfutar kuwa tana can shagonsa da ke manne da zaure, ƙofarsa na kallon titi. Ba waya ko ɗaya tsakaninsu. Wata 'yar rauta ce a saman tagar falo, mai ƙaho biyu, take ɗauko sautin daga shago ta ratsa katanga da shi ta miƙa wa ɗan akwatin. Amininsa Bilyaminu, mai gyaran kwamfuta, shi ya haɗa masa.

Kuna tuna shekarar da aka yanke sabis a Zamfara? Ina amarya a lokacin. Waya ta zama fitila kawai. Ya Samad zai fita ƙauye tun safe, ba kira, ba saƙo, ga hanyoyinmu kun san yadda suke. In ya dawo kuma ba zai wuce ciki kai tsaye ba, sai ya zauna da mutanen ƙofar gida, don Goggo ba ta son a ce ɗanta mai rawar ƙafa ne a kan mata. Shi ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take ce masa, ko "mai shagon". In ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa.

To rautar nan ba ruwanta da sabis. Wata la'asar ina zaune zuciyata na dukan uku-uku, sai kawai na ji busar sarewa ta cika mini ɗaki, irin ta makiyaya, har ana jin numfashin mai busar da kukan wata saniya can nesa. Shi da kansa ya ɗauko ta a wata ruga. Na zabura na zubar da ruwan da ke hannuna. Da ya shigo yana dariya ya ce, "Daga yau in kin ji wannan, na dawo lafiya."

Haka muka yi namu yaren. Sarewa, na dawo. Garaya, ina da baƙi, a ƙara tuwo. Kalangu, yau na samu alheri, ki yi kwalliya. Goge kuwa, goge na ban haƙuri ne. Sabis ya dawo, ba mu daina ba. Ni ban taɓa samun wasiƙar soyayya ba, masu karatu, duk da tarin littattafan da na karanta ina mafarkinta. Katanga ce ta riƙa yi mini magana.

Ranar da aka kawo shi a kan amalanke, tuwona na kan wuta, kunnena na kan sifika.

Goggo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarmarta tana jan carbi, mata na cewa kai, wannan baiwar Allah da dauriya. Ni kuwa a raina na ce ba dauriya ba ce, ba ta son sa ne. Allah Ya yafe mini. Gida ɗaya muke, ƙofarta na kallon tawa, amma in ka cire "an kwana lahiya" da "an wuni lahiya", ba abin da ke haɗa mu.

Satin da ya wuce aka zauna rabon gado. Baffa Gidaɗo, ƙanen mahaifin Ya Samad, shi ne babba. Suka shigo falona da sallama, shi da Kamalu ƙanen mijina, ni ina daga uwar ɗaka bayan labule. Ina ji suna tattaɓa amfilifaya, suna ƙwanƙwasa sifiku kamar masu sayen kankana.

"Kunna mu ji," in ji Baffa.

Kamalu ya kunna. Shiru. Ya murɗa, ya danna, ya sake murɗawa.

"Ta mutu, Baffa."

"To ina anka sa kaset?"

"Ba ta da wuri."

"Rediyon da ba shi da baki, ba shi da eriya? An cuci yaron ga. A kai ma masu biki, ko katakon su saya."

Na toshe bakina da hijabi. Ban sani ba ko dariya ce za ta fito ko kuka.

Na aika aka faɗa wa Baffa cewa a cikin rabona ni sifikun nake so, a bar karsanar da aka ce za a ba ni. Kafin magariba labari ya kai Bukkuyum. Wayata ta yi ƙara, Innarmu ce.

"Surayya, mi nika ji? Karsana mai ciki kinka bari don akwatin da ba shi magana?"

"Inna, yana magana."

"Da wa? Da aljannu? Ke ɗiyar ga, karatun littattahan nan ya taɓa maki kai. Saniya ta haihu, ki sha nono, ki sai da ɗan maraƙi. Akwati mi za shi haihwa?"

"Inna..."

"Ranar da kinka hita takaba mota na nan tahe. Kuma Ishaq na wajen Kawunki ya aiko da buhun gero, ya ce a gaishe ki. Mutum mai rumbu huɗu. Ban ce komi ba, gaisuwa ta."

Ta kashe. Gaisuwa ce, wai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne maganar kwamfuta. Ita ta faɗa rabon Kamalu, zai tafi da ita makaranta Sakkwato. Da Baffa ya ji cewa cike take da kiɗe-kiɗe, sai ya ce a wanke ta tas kafin ta bar gidan, kada a bar ko ɗaya, kada kuma a kwashe wa kowa. Ya ce duk sanda wani ya saurara, mamacin ake ɗora wa nauyi a kabarinsa. Ba da mugunta ya faɗa ba. Yana son ɗan wansa, ta hanyar da ya sani.

Na kwana biyu ina juya maganar. Idan gaskiya ne fa? Idan son da nake wa sarewar nan wuta nake ƙara masa? Amma kuma idan aka wanke, shi ke nan, sifikuna sun zama katako kamar yadda Baffa ya ce. Shekarun da ya yi yana bin rugage da ƙauyuka yana ɗauko masu busa da masu kiɗa, wasunsu sun rasu, wasu garuruwan ma an watse, duk za su tafi a danna ɗaya. Da su, da abin da ya rage mini na muryar gidana.

Wa aka kira ya yi wankin? Bilyaminu.

Bari in gaya muku wani abu game da shi. Dogo ne, mai ɗan saje, kullum da ƙaramin sukundireba a aljihun gaba. Tun rasuwar, duk Juma'a yake turo mini saƙo ɗaya, kalma biyu: "Ya haƙuri?" In ce, "Da godiya." Shi ke nan. Bai taɓa ƙara ko ɗigo ba. Amma ƙanwarsa Asma da ta zo mini gaisuwa ta zauna tana ta kallon silin, can ta ce, "Yaya fa ya ƙi maganar auren da aka yi masa a Anka." Na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Ta ce, "Amin, Anti," da wata irin murya. Na yi kamar ban gane ba. Mai takaba ba a yi mata wannan zancen, ita ma ba ta jin sa.

Ranar Laraba da hantsi, karo na farko, ni na fara rubuta masa.

"Salam. An ce yau za ka wanke kwamfutar."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake.

"Bayan la'asar. Baffa zai zauna a kaina. Na yi masa alkawari ba zan kwashe komai ba. Ki yafe mini."

"Ban ce ka karya alkawari ba."

"Na sani."

Na ajiye wayar a kan cinyata. Kaji na ta tsattsagar gero a tsakar gida. Can wayar ta yi motsi.

"Amma ba a wanke kwamfuta sai an kunna ta. In ta tashi, da kanta take neman ɗan akwatin."

Na yi sauri na rubuta masa.

"Me zan yi?"

"Kunna inbatar sola. Jona rauta, ki jira fitilarta ta daina ƙiftawa. Sai amfilifaya, ki danna maɓalli na biyu daga hagu. In ɗan akwatin ya nuna shuɗi, sun ga juna. Guda ɗaya zan iya sakawa, in ce gwaji nake. Wacce?"

Ban yi tunani ba. "Sarewa."

"Ki rage ƙara sosai."

Na ce to. Wallahi na ce to.

Na yi sallar la'asar, na daɗe a sujada ina cewa Ya Allah, in cutarwa ce gare shi, Ka hana ta tashi. Na ja ƙofar falo, na saki labule. Na kunna inbata, ta yi ɗan kukanta. Na hau kujera na jona rautar da ƙura ta rufe, na goge ƙahonninta da bakin hijabi. Fitila ta yi ta ƙiftawa, ta ƙifta, ta tsaya. Na danna maɓalli na biyu. Daga waje ina jin ƙarar buɗe ƙofar shago, wadda rabona da jin ta tun ranar da Ya Samad ya fita, sai muryar Baffa yana cewa a kawo masa kujera.

Na durƙusa a gaban ɗan akwatin kamar mai jiran a sauke tukunya. Ja. Ja. Ja.

Shuɗi.

Abin da na manta, masu karatu, shi ne ranar rabon gado. Kamalu da ya ji shiru, ya yi ta murɗa babban maɓallin nan yana neman magana, har ya kai shi ƙarshe, a nan ya bar shi. Ni kuma idona na kan fitila.

Sarewar ba fitowa ta yi ba, fashewa ta yi. Kwanukan jerena suka ɗauki rawa, gilashin taga ya yi ƙara, kaji suka watse, akuyar Goggo ta tsinke igiya. Busar makiyayi ta tashi daga ɗakin mai takaba ta haye katanga ta fita unguwa, da numfashinsa, da saniyarsa, kamar garken duka ya shigo Gummi. Na daka tsalle zan murɗe, ƙafata ta harɗe da hijabi, na faɗi a gwiwa. Daga zaure na ji Baffa yana salati da ƙarfi.

Kafin in kai hannu, aka yaye labule.

Goggo ce. Hannunta duk garin gero, ɗankwalinta ya zame, ba takalmi. Tunda na zo gidan ba ta taɓa taka falona ba. Na ce yau na mutu. Na kai hannu kan maɓalli ina cewa, "Goggo ki yi haƙuri, kuskure ne, yanzu zan..."

"Bar shi."

Na tsaya.

"Rage kaɗan. Kar ki kashe."

Na rage. Sarewar ta dawo daidai yadda Ya Samad yake saka ta, mai taushi, kamar mai busar yana zaune a kan tabarma tare da mu. Goggo ta tako a hankali ta tsaya a gaban sifika ɗaya. Ta ɗora tafinta a jikin katakon, garin gero ya bar shaidar yatsunta biyar.

"Wagga ta 'na dawo' ta," ta ce.

Na ɗago na kalle ta.

"Mi kike kallo? Kin zaci kurma ni ke? Ƙohwata na kallon taki." Ba ni take kallo ba, katakon take kallo. "Duk ran da yat tahi ƙauye, ba ni iya cin komi. Ba ni iya tambaya, ɗan fari na. Sai in zanna bakin murhu in yi kamar ina tsintar wake. In nij ji busar ga, sai in tashi in sha hura."

"Goggo..."

"Mai garaya, baƙi. Kahin ki hito neman ƙarin gari na riga na auna maki, ba ki taɓa lura ba? Mai kalangu, ki yi ta zuba turare har akuyata na atishawa." Ta ja hanci. "Mai goge kau, in ya ɓata maki rai. Lokacin da yam mance bai kai ki sunan ɗiyar yayarki ba, kwana ukku anka yi ana goge cikin gidan ga. Har nic ce a raina, ke ɗiyar mutane, ki haƙura hakanan ko mu samu mu yi kwana."

Dariya ta ƙwace mini, ta haɗu da kuka, na rasa wanne nake yi. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Matar da ba ta zubar da hawaye ba ranar da aka shimfiɗe ɗanta a gabanta, ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina goshinta da sifika.

"Ranar nan," ta ce, "har anka yi isha'i ina tsintar wake."

Na rarrafa na je kusa da ita. Ban san yadda ake rungumar suruka ba, ba a koya mana ba. Na dai kama bakin zanenta na riƙe. Ta ɗora hannunta mai gari a kaina. Watanni muna zaune ƙofa na kallon ƙofa, kowacce na jiran busa ɗaya, ba wadda ta sani.

Sarewar ta yanke a tsakiya. An tsayar daga shago. Muryar Baffa ta taso daga bakin zaure.

"Wane irin abin kunya na wanga? Gidan makoki! Bilyaminu, wanke ta yanzu ina kallo!"

Goggo ta miƙe. Ta gyara ɗankwali, ta share fuska da gefen zane, ta fita. Na bi ta har bakin ƙofata, iyakar inda zan iya. Ta tsaya daga cikin zaure, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Gidaɗo."

"Na'am, Yaya. Ki yi haƙuri, yanzu za a..."

"Wanka, uban yaran ga, da yar rasu, da mi yay yi kiwo? Da sanda da sarewa, in ba ka mance ba. Kai ka riƙa ɗaukar mashi gora. Nauyin da kake tsoro, na ji, Allah Shi saka maka. Ni zan tambayi malamai da bakina, in sunka ce a bari, ni za ni bari. Amma yau ba mai taɓa kayan Abdussamad."

Kamalu da ke tsaye da igiyar akuya ya saki baki. Tunda ta haifi Ya Samad, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taɓa abin da ta daɗe da ɓoyewa a ƙasan adaka.

Baffa ya yi gyaran murya. "Kwamfutar ai rabon Kamalu ta."

"Kamalu, karsanar da yarinyar ga tab bari, kai da ita. Ka sai da, ka sayi sabuwa."

"To, Goggo," in ji Kamalu, da saurin da ya nuna ya san wa ya ci riba.

Ta dawo falona ta zauna a kan kujerar da Ya Samad yake zama, ta ce in ba ta ruwa. Ta sha, ta dube ni.

"Sifiku naki na, ba mai hana ki. Kwamfuta kuma ta zan tawa. Ke za ki Bukkuyum, ni ina nan." Ta ajiye kofin. "Abin nan naku na ratsa katanga. Shina kaiwa Bukkuyum?"

"Ba ya kaiwa, Goggo. Ko bakin titi ba ya wucewa."

"To," ta ce. Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba. Ta bar ni da shi haka nan, ga mota na tafe, ga buhun geron Ishaq.

Muna zaune sai sifikun suka yi ɗan numfashi. Na ɗauka sarewar Bilyaminu zai ƙarasa mana. Wani sauti ne daban ya fito, molo, shi kaɗai, a hankali, kamar mai sallama a ƙofar da bai tabbata za a amsa masa ba. Na san duk abin da ke cikin kwamfutar nan kamar yadda na san tafin hannuna. Wannan ba ya ciki.

Goggo ta karkata kai tana saurare.

"Wagga hwa? Ban san ta ba."

"Ni ma, Goggo."

"Ba tashi ba ta."

"A'a."

Molon ya yi ɗan gajeren zagayensa ya tsaya. Wayata ta yi motsi a kan tabarma. Na kai ido ban ɗauka ba, saƙon Bilyaminu na kan fuskarta.

"Gwaji ne kawai. Ban ce komai ba."

Na ji kunnuwana sun yi zafi a cikin hijabi. Goggo ba ta iya karatun boko ba, amma ta kalli wayar, ta kalle ni, ta kalli katangar da shago ke bayanta. Ta dafa gwiwa ta miƙe. Sai da ta kai bakin ƙofa, ta ɗaga labule, sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ki ce ma mai gwajin nan takaba ba ta ƙare ba. Shi jira." Ta ɗan tsaya. "In ta ƙare, ni za a hwara yi ma molon, ba ke ba."

Ta fita.

Na ji an ja ƙofar shago an rufe. Rana ta yi ƙasa, ɗakin ya koma shirun da na saba da shi. Shaidar yatsunta biyar na nan a jikin katako, ban goge ba. Saƙonsa na nan, ban amsa ba. Innarmu ta kira sau biyu, ina kallo har ta katse.

Ɗan akwatin ne kawai bai koma ja ba. Bilyaminu ya rufe shagon, amma bai kashe kwamfutar ba. Na kai yatsana kan maɓallin kashewa, masu karatu, na daɗe a haka, shuɗin fitilar na haska mini farce.

Har aka kira magariba ban danna ba.